Kwantenar Guangzhou da tayin Dubai: shin sai an ɗauki kamfanin lauyoyi na duniya?

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Saƙonka ya iso ni. Ka ce kana shigo da kayan gyaran babur da na Pragya, wato babur mai ƙafa uku, kana sayarwa a Suame da Aboabo cikin Kumasi. Kwantenar da ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema wata huɗu da suka wuce, wadda ka biya dala 60,000 a kanta, fiye da rabin kayan cikinta ba irin samfurin da aka nuna maka a Guangzhou ba ne, mai masana'antar kuma ya daina ɗaukar waya. Ana cikin haka wani kamfani na Dubai ya nemi ku haɗa hannu ku riƙa kai kaya Burkina da Nijar. Ɗanka ya nuna maka shafin wani kamfanin lauyoyi mai ofisoshi a ƙasashe fiye da 30, da lambobin yabo reras, ya ce su za a ɗauka. Kana son ka san mene ne aikinsu, ina hannunsu ya kai, kuma ko su ne maganin damuwarka.

Na daɗe ina aikin lauya a nan Accra, kuma sau da yawa irin waɗannan kamfanoni sun ɗauke mu mu riƙe musu ɓangaren Gana na aikinsu, don haka na san su ta ciki. Maganar kwantena ba tasu ba ce. Maganar Dubai tana buƙatar wani yanki na iliminsu, amma yanki kawai, kuma akwai yadda ake sayen yankin ba tare da an sayi saniyar duka ba.

Ka tuna yadda kakanninmu suka yi fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Madugu ne ya san hanya, ya san inda ake biyan fito, ya san sarkin da ake kai wa gaisuwa kafin ayari ya wuce. Amma idan aka sauka Salaga, madugu ba ya shiga kasuwa ya yi ciniki da kansa. Mai masauki ne ya san dillalai, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke ci, shi ne kuma zai tsaya maka gaban sarki in rigima ta tashi. Kamfanin lauyoyi na duniya madugu ne. Lauyan da ke da lasisi a ƙasar da abin ya faru shi ne mai masauki. Wanda kayansa suka maƙale a zango ɗaya, mai masaukin wannan zangon yake nema.

Dalilin haka a doka yake. Lauya ba kamar likita ba ne da zai duba marar lafiya a ko'ina jiki ya zama jiki. Lasisinsa na ƙasa ne. A nan Gana, dokar aikin lauya ta 1960 ta ɗora wa Majalisar Kula da Aikin Lauya alhakin tantance wanda zai yi aikin, kuma ko mutum ya yi shekara ashirin yana shari'a a Landan, ba zai tsaya gaban alƙali a Kumasi ba sai ya cika sharuɗɗan Gana an rantsar da shi a nan, sannan ya riƙa sabunta lasisinsa duk shekara. Kotun Ƙoli ma ta yanke a 2016 cewa takardun ƙarar da lauyan da bai sabunta lasisinsa ba ya shigar ba su da inganci. A Sin abin ya fi tsauri. Kamfanonin lauyoyi na waje suna da ofisoshi a Beijing da Shanghai, amma dokar ƙasar ba ta ba waɗannan ofisoshin damar yin shari'a a kotunan Sin ba. Ke nan ko da ka biya wannan babban kamfani, abin da za su yi shi ne su nemo lauyan Sin su miƙa masa takardunka, ka biya shi, ka kuma biya su ladan nemowa da na sa ido.

Maganar ofisoshi a ƙasa 30 kuwa, ita ma sai an warware ta. Wasu kamfanonin, irin su Clifford Chance da Linklaters na Landan, gida ɗaya ne, asusu ɗaya, riba ɗaya. Wasu kuma, kamar Dentons da Baker McKenzie, an gina su a kan wani tsari na ƙasar Suwizalan inda kamfanoni daban-daban ke amfani da suna ɗaya amma kowa da asusunsa da alhakinsa. Akwai kuma na uku, wato ƙungiyar abota kawai: kamfanoni masu zaman kansu da suka yi alkawarin tura wa juna aiki, irin Lex Mundi. Idan ka ga taswirar Afirka cike da ɗigo a shafinsu, yawancin ɗigon nan kamfanonin gida ne da suke hulɗa da su. Wannan ba aibu ba ne, domin manyan kamfanonin lauyoyi na Accra suna da ƙwararru sosai. Amma ya kamata ka sani, don tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai sa hannu a takardar ɗaukar aiki, kuma idan aka yi sakaci wa za ka kama.

Ba na son ka ɗauka ina rage musu daraja. Akwai aikin da babu mai iya shi sai su, kuma mun gani da idonmu a ƙasar nan. A watan Oktoba na 2012 aka tsare jirgin ruwan sojan Ajantina, Libertad, a tashar Tema. Wani kamfanin zuba jari mai suna NML Capital ne ke bin Ajantina bashi, ya riga ya samu hukunci a New York, lauyoyinsa suka bi sawun jirgin har ya shigo ruwan Gana, suka garzaya kotun kasuwanci ta Accra suka samu umarnin tsarewa. Ajantina ta kai ƙara kotun dokar teku ta duniya da ke Hamburg, wadda ta ba da umarnin sakin jirgin a watan Disamba na shekarar. Ka duba yawan ƙasashen da shari'a ɗaya ta taɓa. A wannan kotun ta Hamburg ne Gana ta yi shari'ar iyakar teku da Kodebuwa, aka yanke a watan Satumba na 2017, hukuncin da ya bar rijiyoyin mai na yammacin gaɓarmu a hannun Gana. Tawagar da ta tsaya mana ta haɗa lauyoyin gwamnati da ƙwararrun waje. Haka da gwamnati ta dakatar da biyan basussukan waje a Disamba 2022, sake fasalin takardun bashi na kusan dala biliyan 13 da aka kammala a Oktoba 2024 aiki ne na lauyoyin da suka san dokar Ingila, saboda a ƙarƙashinta aka rubuta bashin. Rancen gina tashar jirgi, sayen kamfanin haƙar zinari, yarjejeniyar mai da gas, kare kamfani daga tuhumar cin hanci a ƙasa uku lokaci guda: wannan ne gonarsu. Ƙarfinsu shi ne su tara mutum arba'in a birane biyar su yi aiki dare da rana a kan takarda ɗaya, kuma bankunan duniya sun yarda da sa hannunsu.

Duk da haka, ko a wannan fagen ba sa wadatuwa da kansu. Sashe na 181 na kundin tsarin mulkinmu na 1992 ya ce duk wata hulɗar kasuwanci ta ƙasa da ƙasa da gwamnati ke ciki sai majalisar dokoki ta amince. A 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa yarjejeniyar wutar lantarki da aka yi da kamfanin Balkan Energy tana cikin irin waɗanda ke buƙatar wannan amincewa. Takarda tana iya fitowa daga Landan tsaf, shafi ɗari biyu, amma layi ɗaya na dokar gida ya girgiza ta.

Lambobin yabon da ɗanka ya gani, wasu na da ma'ana, wasu ado ne. Waɗanda mu lauyoyi muke dubawa su ne jerin Chambers, da Legal 500, da IFLR1000. Masu bincikensu suna karɓar bayanin ayyukan da kamfani ya yi a shekara, su tuntuɓi waɗanda aka yi wa aikin, sannan su jera kamfanoni da lauyoyi mataki-mataki. Abin lura shi ne jerin na ƙasa-ƙasa ne, kuma fanni-fanni. Kamfani na iya zama a matakin farko a harkar bankuna a Landan, amma ba ya cikin jerin komai a shari'ar kasuwanci a lardin Guangdong, inda Guangzhou take. Don haka kada ka tambayi ko kamfanin ya shahara. Ka tambayi sunan lauyan da zai riƙe aikinka, a wane fanni aka san shi, a wace ƙasa, kuma sau nawa ya yi irin wannan shari'ar. Akwai kuma lambobin da ake ba duk wanda ya sayi tebur a liyafar dare ko ya biya kuɗin talla a mujalla. Idan ba a bayyana yadda aka zaɓi wanda ya ci ba, kada ka ba lambar nauyi.

Sai kuɗi. Waɗannan kamfanoni da awa suke caji, kuma a manyan na Landan da New York awa ɗaya ta babban lauya tana wuce dala 1,000. Ba shi kaɗai zai taɓa fayil ɗinka ba: akwai na ƙasa da shi biyu ko uku, kowa na rubuta mintocinsa, har karanta wasiƙarka da amsa wayarka. Kafin a kai ga zaman farko, abin da ka kashe zai kusa kamo abin da kake nema. Mai yiwuwa ma su ƙi karɓar aikin cikin ladabi, ko don ya yi musu ƙanƙanta, ko don kamfanin jirgin da ya ɗauko kayan ko bankin da aka bi da kuɗin abokin hulɗarsu ne, dokar aikinmu kuwa ta hana lauya cin tudu biyu.

Yanzu ga abin da nake so ka yi a kan kwantenar, kuma a nan lokaci ne ke gudu. Da farko ka dakatar da sayar da kayan da ba su dace ba. A dokar saye da sayarwa ta Gana ta 1962, wanda ya karɓi kaya ya ci gaba da mu'amala da su kamar nasa yana rasa damar mayar da su, sai dai ya nemi diyya. Ka ware su, ka kira kamfanin binciken kaya mai zaman kansa ya ƙirga, ya ɗauki hoto, ya kwatanta da samfurin, ya rubuta rahoto. Hoton wayar yaron shago ba zai yi nauyin wannan rahoton ba. A kuma rubuta wa masana'antar sanarwa a hukumance, da Turanci da Sinanci, a ambaci lambar kwantena da yawan kayan da abin da kake nema. Hirarku ta WeChat ko WhatsApp kada a goge ko ɗaya, kada kuma a sauya wayar.

Sannan a gano wa ka yi ciniki da shi a zahiri. Wannan shi ne inda na ga 'yan uwanmu da yawa sun faɗi. Sunan Turanci da ke saman takardar farashi ba shi da matsayi a dokar Sin. Sunan kamfani na gaskiya shi ne na Sinanci da ke kan lasisin kasuwancinsa, tare da lambar rajista mai gurbi 18, kuma jan hatimin kamfanin shi ne ke ɗaure shi a kan yarjejeniya. Ka duba takardunka: akwai jan hatimi? Sunan da ke cikinsa ya yi daidai da na asusun da kuɗinka ya shiga? Na taɓa riƙe wa wani ɗan kasuwa irin wannan magana, muka tarar masana'anta daban, wanda ya ba da takardar farashi daban, asusun kuma na wani kamfani ne a Hong Kong wanda ba shi da komai sai adireshi. Idan ta hannun mai canji ka tura kuɗin, kamar yadda yawancinmu ke yi, to aikin farko shi ne haɗa zaren da zai nuna cewa kuɗin da ya shiga can naka ne. Ka nemi takardar shaida daga mai canjin tun yanzu da kuke shiri.

Kada ka shigar da ƙara a Kumasi don kawai nan ne kusa. Za ka iya cin shari'ar, domin mutumin ba zai zo ba, amma hukuncin takarda ce a hannunka alhali dukiyarsa tana Guangdong, kuma sa kotun Sin ta zartar da hukuncin kotun Gana hanya ce mai tsawo da wahala. Ƙara ana kai ta inda aljihun wanda ake ƙara yake. Lauyan Sin mai matsakaicin ofis a Guangzhou zai duba rajistar kamfanin, ya ga ko yana raye, ko ana binsa wasu basussuka, ya aika masa wasiƙar lauya. Sau da yawa wannan wasiƙar kaɗai takan dawo da mai masana'anta kan tebur, a sasanta a kan mayar da wani kaso ko sauya kaya. In ya ƙi, ana iya neman kotu ta riƙe asusunsa na banki kafin a gama shari'a, bayan an ajiye jingina. A dokar Sin, wa'adin ƙara a kan cinikin kaya tsakanin ƙasa da ƙasa shekara 4 ne, amma jinkirin sanar da aibin kaya yana iya kashe maganar tun kafin wa'adin. Takardar wakilcin da za ka ba lauyan sai an bi da ita ta hannun notari, wato mai tabbatar da sahihancin takardu, da ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin Sin a Accra, wannan ma yana cin makonni. Idan kuma a cikin kayan akwai waɗanda ruwa ko tsatsa ya ɓata a hanya, wannan magana ce daban da ta shafi kamfanin jirgi da inshora, kuma wa'adin kai ƙarar kamfanin jirgin shekara 1 ne kacal daga ranar miƙa kaya.

Tayin Dubai shi ne ya fi damuna, domin a nan ba a riga an yi ɓarna ba, kuma abin da za ka iya rasawa ya fi kwantena ɗaya: sunanka da kwastomomin da ka tara shekaru. Dokoki uku ne za su haɗu a ciki. Ta Gana ita ce farko. Dokar zuba jari ta 2013 ta ce baƙon da zai shiga harkar saye da sayarwa sai ya zuba aƙalla dala miliyan 1, ya kuma ɗauki ƙwararrun 'yan ƙasa 20 aiki. Dokar kamfanoni ta 2019 kuma ta wajabta bayyana ainihin masu kamfani. Irin waɗannan ƙa'idoji gwamnati kan taɓa su, don haka lauyanka ya duba yadda suke a ranar sa hannu. Idan mutanen suka ce a yi rajista da sunanka kai kaɗai alhali kuɗi da iko nasu ne, ka ƙi. Sau da yawa ma ba sai an kafa kamfani tare ba: yarjejeniyar dillanci, inda kai ne wakilinsu tilo a yankin na wasu shekaru, ta fi sauƙi kuma ta bar kasuwarka a hannunka.

Ta biyu ita ce dokar maƙwabta. Burkina da Nijar da Togo da Kodebuwa suna cikin ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ake kira OHADA, wadda aka kafa a 1993, da babbar kotunta a Abidjan. Da Faransanci take, tsarinta kuma ba irin namu da muka gada daga Ingila ba ne, tun daga yadda ake karɓar jingina har yadda ake bin bashi. Gana ba ta ciki. Ga shi kuma Burkina da Nijar da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka maganar haraji a Paga, kan iyakarmu da Burkina, da bayanta sai an tambayi wanda ke wurin, duk da cewa hedkwatar kasuwar bai ɗaya ta Afirka tana nan Accra. Lauya ɗaya a Wagadugu da zai rubuta maka ra'ayi na shafi biyar ya isa.

Ta uku, kuma wadda mutane ke tsallakewa don tana shafin ƙarshe, ita ce sakin layin da ke faɗin dokar da za ta yi hukunci da wurin da za a raba gardama. Mafi yawan yarjejeniyoyi irin wannan ba sa zuwa kotu, ana kai su gaban masu raba gardama da ɓangarorin suka amince da su, abin da muke kira abitireshan. Amfaninsa shi ne yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, har da Gana da Sin da Daular Larabawa, ta sa kotunan waɗannan ƙasashe suna zartar da irin wannan hukunci. Dokarmu ta 2010 ta tanadi hanyar. Amma ka lura da wurin. Idan aka rubuta Landan ko Paris, to duk ranar da aka saɓa sai ka nemi biza da kuɗin lauyan can, kuma kuɗin buɗe fayil kaɗai a cibiyar raba gardama ta ICC da ke Paris dala 5,000 ne. Mai ƙarfi yakan zaɓi wuri mai tsada da gangan, don ya san ƙarami ba zai iya binsa ba. Ka nemi a sa Accra, ko aƙalla a yarda da mai raba gardama ɗaya da zama ta intanet. In sun dage a kan Dubai, a tabbata cibiyar da aka ambata tana nan: a 2021 gwamnatin Dubai ta rushe cibiyar DIFC-LCIA ta mayar da ayyukanta ga wata cibiyar raba gardama ta Dubai mai suna DIAC, amma har yau ina ganin daftarin da aka kwafo da tsohon sunan, abin da kan jawo wata rigimar kafin a taɓa asalin magana.

A wannan gaɓar ce ilimin babban kamfani zai amfane ka. Ka ɗauki lauyan kasuwanci na gida, a Adum ta Kumasi ko a nan Accra, ka tabbatar da lasisinsa na bana a wajen majalisar lauyoyi, ya zama shi ne mai riƙe da komai. Shi zai rubuta takamaiman tambayoyi uku ko huɗu ya aika wa ofishin Dubai na irin kamfanin da ɗanka ya gani: wannan kamfani yana da rajista, a wane yanki, wa ke da ikon sa hannu a madadinsa, kuma wannan sakin layi zai yi aiki a can? A nemi su faɗi kuɗin aikin dunƙule, a rubuce, kafin su fara. Suna yarda da haka idan aikin a iyakance yake.

Ka sa ɗanka ya tattara takardar farashi, da takardar lodin jirgi, da takardun kwastan na Tema, da shaidar biyan kuɗi, da hoton katin kasuwancin mai masana'antar gaba da baya, da daftarin da mutanen Dubai suka turo, a kai wa lauyan cikin makon nan. Kafin ya karanta, kada ka sa hannu a komai, ko da sun ce maka takardar fahimtar juna ce kawai. Allah ya mayar maka da alheri, ya sa albarka a kasuwa. A gaishe da mutanen gida.